A kawo mana rogon bitamin, amma ya zo da danginsa

Tun da mutanen da yaƙi ya kora suka fara komawa gonakinsu a Sinnar da Jazira, a nan ƙasar Sudan, hirar iri ta cinye kowane zaure. Wanda ya dawo ya tarar da rumbu a wangale, babu dawar ci balle ta shuka, dole ya tambayi inda zai samo iri, wane iri, kuma daga hannun wa. A cikin wannan hira maganar rogon nan mai ruwan ɗorawa na Najeriya ta shigo mana, mu Hausawan bakin kogin Nil Azrak. 'Yan'uwa na Kano da Zariya suna turo hotunansa ta WhatsApp, an ɓare saiwa ga cikinta ruwan ƙwai, an ce yana ɗauke da bitamin A, an ce yana hana dundumi. Samarinmu har sun fara lissafin wanda zai leƙa gida ya dawo da 'yan sanduna a ƙasan jaka.

Ina goyon bayan a kawo shi. Sai dai in iri ɗaya ko biyu za a kawo a raba wa kowa da kowa, a ce mu tumɓuke farar bafra, wato rogonmu na gida, da muka tarar a bayan gidajen iyayenmu, to gara a bar mu da abin da muke da shi. Haka nan in ta cikin jaka zai shigo, ban yarda ba.

Dalilin son sa ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san dundumi. Yaro yana wasansa garau da rana, da an kira magariba sai ka ga ya lafe a jikin bango yana laluben ƙofa, a ajiye masa kwano a gabansa ya kasa gani sai an kama hannunsa an ɗora. Iyaye mata kan ce a gasa masa hanta, kuma sun yi daidai, domin hanta cike take da bitamin A, rashinsa ne kuma ke kawo ciwon. Dundumi ma shi ne mai sauƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa duk shekara saboda ƙarancin wannan bitamin, rabinsu kuma ba sa cika shekara guda a raye bayan makantar. Ƙyanda ko gudawar da wani yaro zai yi ya tashi, wanda jikinsa ba shi da bitamin A sai ta tafi da shi.

A da, ma'aikatan rigakafi kan zaga da 'yan ƙwayoyin nan masu mai a ciki, shuɗi na jarirai 'yan wata 6 zuwa 11, ja na waɗanda suka shekara har zuwa shekara 5. A yanke bakin da almakashi, a matse wa yaro a baki, bayan wata shida a sake. Abu ne mai arha mai ceton rai, amma da mota yake zuwa, da ma'aikaci mai albashi, da hanya a buɗe. Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke mun ga yadda waɗannan ukun ke ɓacewa a dare ɗaya. Madara da ƙwai da hanta sun fi ƙarfin aljihun talaka, kisra da asida kuwa na farar dawa ne, wadda ba ta da wani bitamin A na a zo a gani. Saboda haka abincin da zai fito daga gonar mutum da bitamin ɗinsa a ciki ba abin rainawa ba ne.

Rogo kuma yana da wata baiwa da sai wanda ya ga yaƙi yake gane ta. Buhun dawa ɗari ana iya loda shi a mota cikin awa guda. Rogo a ƙasa yake zaune, wani har shekara biyu yana jiran mai shi, wanda zai sace shi sai ya yi haƙa, in ya haƙa kuma cikin kwana biyu zuwa uku saiwar ta fara baƙi ta lalace. Shi ya riƙe mutane a Kwango da Mozambik da kudancin ƙasar nan a shekarun da komai ya watse. Ganyensa ma miya ne, in an daka an dafa shi sosai.

Shi wannan mai ruwan ɗorawa aikin cibiyoyi uku ne da suka haɗa hannu: cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a jihar Abiya, da shirin HarvestPlus. A Disambar 2011 Najeriya ta fitar da iri uku na farko, a 2014 ta ƙara uku da suka fi su. Abin da ke ba shi launi sinadarin beta-karotin ne, wanda ke cikin karas da kabewa da mangwaro, jiki kuma ya mai da shi bitamin A. Na farkon suna da kamar mikrogiram 6 zuwa 8 a kowane giram na ɗanyar saiwa, na biyun sun kai wajen 10, abin da aka sa a gaba kuwa 15 ne. An gwada shi ga yaran makaranta a Kenya, suna cin dafaffensa na tsawon watanni, aka ga bitamin A ya ƙaru a jininsu. Ƙaruwar ba mai yawa ba ce, amma ta tabbata. Ga masu tsoron cewa an cusa masa wani abu a ɗakin gwaji, su kwantar da hankali: da hannu aka ɗauki ƙurar furen wannan aka shafa wa furen wancan, aka shuka 'ya'yan, aka zaɓa, aka sake. Rogo ɗan Kudancin Amurka ne, Turawan Fotugal suka kawo shi Afirka a ƙarni na 16, kuma manoman dajin Amazon sun daɗe suna noma mai launin rawaya tun kafin wani ya san sunan bitamin.

Damuwata tana wajen yadda ake dasa shi. Dawa da gero ƙwaya muke shukawa, iska ta kaɗa ƙurar fure daga gonar maƙwabci, ko a zangarniya ɗaya ana iya samun ɗan bambanci. Rogo sanda ake dasawa. Na sha zama kusa da kawuna yana wannan aiki a farkon damina: ya zaɓi karan da ya ƙosa, ya ɗora a kan kututture, ya sare shi da adda guntu-guntu, kowane kamar taƙi ɗaya, ya duba ya ga yana da ido biyar ko shida, ya soka a jikin kunya a karkace idanun suna kallon sama. Kowane guntu a cikinsu uwar ce da kanta, ba ɗanta ba. In ka cika fadan goma, wajen eka goma ke nan, da sandunan da suka fito daga uwa ɗaya, a ido gona ce babba, a gado kuwa tsiro ɗaya ne tak. Cutar da ta iya ka da ɗaya ta iya ka da su duka. Abin da ya fi muni, in uwar tana ɗauke da ƙwayar cuta, a cikin sandar take tafiya, manomi da hannunsa yake dasa ta.

Yuganda ta ɗanɗana wannan. A ƙarshen shekarun 1980 wata muguwar cutar dabbare-dabbaren ganye ta ɓulla a arewacin Kampala. Ganye ya yi tabon rawaya da kore, ya murɗe, ya ƙanƙance, a haƙa ƙasa a tarar da 'yan jijiyoyi. A lokacin manoma da yawa sun rungumi wani iri guda da suke kira Ebwanateraka saboda yawan amfaninsa, shi kuwa ba shi da juriyar cutar ko kaɗan. Cikin 'yan shekaru gundumomi suka daina noman rogo, yunwa ta shiga, cutar ta tsallaka Kenya da Tanzaniya da maƙwabta. Abin da ya ceci ƙasar irin da ke da juriya ne, kuma in ka bi salsalar juriyar za ka yi mamaki. Wata ta samo asali daga tashar bincike ta Amani a Tanzaniya, inda a shekarun 1930 aka haɗa rogo da wani ɗan'uwansa na daji da aka kawo daga Birazil don tatsar roba. Wata kuma, wadda ta ma fi ƙarfi, an tsince ta a jikin wasu tsofaffin irin ƙauye da aka tattaro daga gonakin manoman Najeriya. Da an share bishiyar robar nan don ba a cin ta, da an tumɓuke rogon ƙauyen nan don an samu na zamani, da babu inda za a juya.

Mai yaɗa wannan cuta farin ƙuda ne, kuma mu a nan ba sai an gabatar mana da danginsa ba. Dattawan da suka yi aikin hawasha, wato gonakin ban-ruwa, a Jazira suna tuna ƙarshen shekarun 1970, lokacin da feshin jirgin sama ya kashe ƙwarin da ke cin farin ƙuda, shi kuma ya yi ta hayayyafa har audugar Sudan ta yi suna a kasuwannin duniya da danƙon asala, ruwan zaƙin da ƙudan ke bari a jikinta.

Sai maganar da ba ta fitowa a hotunan WhatsApp. Ina da gwaggo mai sayar da dafaffen rogo da yaji da garin ƙuli a bakin kasuwa. In an kawo mata rogo ba ta tambayar sunansa. Takan karya ƙarshen saiwa, ta danna farcen babban yatsa a ciki, ta duba ko ruwa ya taso, wani lokaci ta ɗan gutsura ta tofar. Ranar da nake ba ta labarin mai ruwan ɗorawa ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Ɗan nan, yana da gari kuwa?” Na ce, “Gwaggo, yana da bitamin.” Ta ce, “Na ji. In na dafa ya yi mini ruwa-ruwa, kai za ka saye tiren?”

Tambayarta ita ce ta fi wahalar da masana. A cikin rogon da ake ingantawa a Afirka an lura cewa yadda launi ke ƙaruwa, haka gari ke raguwa, saiwa ta ƙara ruwa. Mai soya garin kwaki ya ga buhunsa bai cika ba, mai dafawa ta ga bai yi ɓurɓushin da ake so ba. Masu karanta ƙwayoyin gado sun gano cewa babbar ƙwayar da ke kawo launin, wadda suke kira PSY2, tana zaune a yanki guda da abin da ke taɓa yawan gari, shi ya sa suke tafiya tare daga uwa zuwa 'ya'ya. Amma a cikin rogon Kudancin Amurka, inda iri ya fi yawa ya fi bambanta, wannan ɗaurin bai yi ƙarfi haka ba, ana samun mai launi da gari a tare. Ke nan ba ƙaddara ba ce. Iyayen da aka fara aikin da su ne ba su da yawa, kuma maganin shi ne a faɗaɗa zuriya. Wanda ya ga rawaya ya ɗauka an gama, kallon kitse yake yi wa rogo.

To me ya hana a ɗauko na Birazil da Kolombiya kawai a dasa? Cutar dabbare-dabbare babu ita a can, don haka rogonsu bai san ta ba, da ya sauka Afirka take kwantar da shi. Dole a aurar da shi ga na Afirka mai juriya. Ga kuma wata cutar ta biyu a gabashin Afirka, wadda ke ruɓar da cikin saiwa ta yi tabon ƙasa-ƙasa, ganye na iya zama lafiya lau sai an haƙa a ga ɓarna. An fara bayyana ta a 1936 a gaɓar Tanzaniya, ta daɗe a bakin teku, a wajen 2004 ta hau tudu ta mamaye Yuganda da ƙasashen tafkuna. Ba ta isa Afirka ta Yamma ba, saboda haka rogon Najeriya bai taɓa karawa da ita a gida ba, kuma da aka kai irin Najeriya Yuganda don gwaji, akasarinsu sun kamu. Mu kuwa tsakaninmu da Yuganda ƙasa ɗaya ce. Juriyar wannan cuta mafi ƙarfi da aka samu, masu bincike a Jamus ne suka tono ta daga cikin tsofaffin irin Kudancin Amurka da ke ajiye a rumbun cibiyar CIAT a Kolombiya, irin da suka yi shekaru a kwalba ba wanda ya san amfaninsu.

Mai inganta rogo yana neman launi daga wannan, gari daga wancan, juriyar cuta biyu daga wasu biyu, jure fari daga na biyar, kuma rogo ba ya ba da haɗin kai. Wani iri ba ya fure sam, wani sai ya ga dama, 'ya'yan itacensa ba ya wuce ƙwaya uku, daga haɗawa zuwa fitar da sabon iri a kan ci shekara 8 zuwa 10. Tun 2012 wani shiri da jami'ar Cornell ta Amurka ta jagoranta ya rage wannan jira, ta hanyar karanta gadon ɗan tsiro tun yana ƙarami a yi hasashen abin da zai zama. Na'urar tana saurin zaɓe, amma daga cikin abin da aka ajiye mata take zaɓa. Wannan karatun gado ya kuma tona wani asiri: sau da yawa iri ɗaya ne ke yawo da suna uku a garuruwa uku, wani lokaci kuma iri uku ke amsa suna ɗaya. Don haka in an ce an kawo mana iri goma, hakkinmu ne mu tambaya goma ne a gado, ko 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ne aka raɗa wa sunaye.

Wanda yake ganin maganar adana iri hirar masu farar riga ce, ya tuna Wad Madani. A harabar Hukumar Binciken Aikin Gona da ke can akwai rumbun adana iri na ƙasa, mai samfuri sama da 15,000: dawa, gero, riɗi, gyaɗa, kuɓewa, kankana, yakuwa, abin da aka bi ƙauyuka aka tattara shekara da shekaru. Dawar ma ba ƙaramar dukiya ba ce, domin a kusa da Kasala aka tono wasu daga cikin tsofaffin shaidun noman dawa a duniya, na wajen shekara 5,000, kuma irin Sudan ya shiga jikin dawar da ake nomawa har Amurka da Indiya. A Disambar 2023 dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati suka shiga garin. Aka kwashe firizoji, aka bar ƙunshin iri a watse. Abin da ya rage zafin asarar shi ne wani kaso an riga an kai kwafinsa rumbun Svalbard na Norwe, wanda aka haƙa a cikin wani dutse mai tsananin sanyi aka buɗe a 2008, kuma a Fabrairun 2025 ma'aikatan suka samu suka aika da ƙarin wasu. Siriya ta riga mu bin wannan hanya: da yaƙi ya ci Halab, cibiyar binciken noma ta ICARDA da ke can ta je Svalbard a 2015 ta karɓo ajiyarta, ta sake kafa rumbu a Labanan da Maroko.

Wannan gata na masu ƙwaya ne. A busar da dawa, a rufe a leda, a sa ta a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, ta yi shekaru gommai tana barci. Rogo ba ya shiga wannan layi. Ƙwayarsa tana ajiyuwa, amma in ka shuka ta ba uwar za ta fito ba, wani sabon iri ne daban. In kana son wannan bafra ta gwaggo mai gari mara ɗaci, ita kanta, sai dai ka riƙe ta da rai, ko a gona ana sake dasawa, ko a cikin kwalba ana renon ɗan tsiro ana sauya masa abinci. Haka CIAT take riƙe da samfuri wajen 6,000, haka IITA take riƙe da nata dubban. Ranar da lantarki ya yanke ya daɗe, ko ma'aikata suka gudu, shi ke nan.

Mu a Sudan rumbun bafrarmu yana bayan gidaje ne da juruf, wato gonakin gaɓar kogi, daga Damazin zuwa Kurmuk, da Kurdufan ta Kudu, da kudancin Darfur. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 ta tafi da manyan ƙasashen noman rogo, ta tafi da tashar bincike ta Yambiyo. Abin da ya rage mana kaɗan ne, a hannun tsofaffi, kuma gudun hijira ya fi cin sa a kan kowane amfani. Matar da za ta gudu tana iya ƙulle dintsin dawa a bakin gyale ta shuka baɗi a duk inda ta sauka. Sandar rogo ba ta ƙulluwa a gyale, in an sare ta kuma 'yan makonni ne ta bushe. Gidan da aka bari shekara biyu, awaki da shanu suka shiga, irinsa ya tafi ba wanda ya rubuta ko sunansa. Ka zo a irin wannan lokaci da rogo mai kyan launi ka raba kyauta, ɗan abin da ya tsira ma za a share shi don a ba baƙo wuri.

Na san abin da za a ce mini, kuma masu faɗa ba wawaye ba ne. Za a ce, Malam, an ayyana yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam a Darfur tun Agustan 2024, mutane suna layin takiyya, inda ake girkin sadaka, da roba a hannu don abinci sau ɗaya a yini, kai kana maganar gadon tsiro. A kawo wanda ya fi bitamin a raba, in ciki ya cika a yi ilimi. Amsata ita ce rogo ba agajin gaggawa ba ne ko an so. Yana cin wata 9 zuwa 12 a ƙasa, mai yunwar yau ba shi zai jira ba. Kuma yaɗuwarsa a hankali take: tsiro ɗaya kan ba da sanda kamar goma a shekara, dubu ta zama dubu goma, ta zama dubu ɗari a shekara ta uku. Abin da aka zaɓa a shekarar farko shi ke cika ƙasa, in kuskure ne ya ninku goma duk damina. Kuɗin kula da gonar gwaji mai iri goma sha biyu bai fi na mai iri biyu da wani abin kirki ba. Gaggawar ba ta sayo mana ko wata ɗaya, sai dai ta hana mu zaɓi.

Ƙasarmu ma ba ƙasar Ibadan ba ce. Umudike tana samun ruwa sama da milimita 2,000 a shekara, mu daminarmu wata uku ce zuwa huɗu, sai dogon rani. Baƙar lakar Jazira da Gadarif, mai riƙe ruwa da damina ta tsage da rani, rogo ba ya son ta, ya fi son ƙasa mai sako-sako. Irin da ya yi zarra a kurmi zai iya zuwa nan ya ba da kunya, wanda aka raina can ya yi fice. Shi ya sa in za a nema, a nemi har da wanda aka gwada a Minjibir kusa da Kano, inda IITA ta daɗe tana gwajin rogo a ƙasar fari. Akwai kuma batun ɗaci. Kowane rogo yana da ɗan gubar sayanaid, wani kaɗan wani da yawa, kuma fari yana ƙara ta. A 1981, a lardin Nampula na Mozambik, fari ya sa mutane cin rogo mai ɗaci ba tare da sun jiƙa sun shanya yadda ya kamata ba, sama da mutum 1,000 suka kamu da shanyewar ƙafafu da ake kira konzo, wadda ba ta warkewa. Mu da muka saba da dafawa mu ci kai tsaye, ba mu gaji jiƙa rogo kwana uku ba, dole a auna ɗacin kowane iri a ƙarƙashin raninmu kafin ya shiga tukunyar kowa.

Wajen ci dai mun yi sa'a. Hasken rana yana cinye beta-karotin, saboda haka alabon da aka shanya a ranar Sudan zai rasa kaso mai yawa, garin da ya daɗe a ajiye ma haka. Dafawa ta fi riƙe shi, jiki kuma yana buƙatar maiƙo kafin ya tsotse shi. Dafaffen rogo da ƙuli da ɗan man riɗi, yadda gwaggo ke sayarwa, ya dace sarai. Ban kuma ce zai kori kisra ba, ba wanda zai bar dawa. Bambai, wato dankalin Hausa, mai jan ciki ya fi shi bitamin ya fi shi saurin nuna, ga zogale ga kabewa, ƙwayoyin nan ja da shuɗi ma a dawo da su.

Su kuma samarinmu masu shirin jaka, su ji wannan. A farkon shekarun 1970 wani ƙwaro mai lulluɓe da farin gari ya shigo yankin Kwango daga Kudancin Amurka a jikin sandunan rogo da aka shigo da su. Ba shi da maƙiyi a Afirka, ya bazu ƙasa bayan ƙasa, a wasu gonaki ya ci kashi 80 cikin 100. Sai da masana suka bi sawunsa har Faraguwe suka samo wani ɗan mitsitsin zanzaro mai kashe shi, Hans Herren na IITA ya jagoranci renonsa, aka fara sakinsa a 1981, daga baya har ta jirgin sama. Sandar da za ka ɓoye a ƙasan kaya tana iya zuwa da ƙwayar cutar da ba a gani da ido, wadda za ka ɗauko daga Kudu kuma tana iya zuwa da mai ruɓar da saiwa. Hanyar da aka sani ita ce 'yan tsiro a kwalba da aka tantance ba su da cuta, su bi ta hannun hukumar bincike da masu killace tsirrai.

Da ni ake shawara, da na ce a roƙi ƙwayar rogon ma, ba tsiro kaɗai ba. Cutar dabbare-dabbare ba ta bin ƙwaya, ambulan ɗaya na ɗaukar dubbai, kuma abin da ya hana ƙwaya amfani a rumbu shi ne amfaninta a nan: kowace ɗaya sabon iri ce. A shuka 'ya'yan iyaye masu ruwan ɗorawa a Damazin da Abu Na'ama, rani ya tace nasa, farin ƙuda ya tace nasa, abin da ya tsira a kira mata masu dafawa su danna farce su ɗanɗana. Waɗanda suka haye a aurar da su ga bafrarmu da ta riga ta san ƙasar. Zai ci shekaru, amma abin da zai fito namu ne.

Mu Hausawan nan muna da abin da hukuma ba ta da shi a yanzu. Tun da Muhammadu Bello Mai Wurno ya iso bakin wannan kogi bayan yaƙin Burmi na 1903, zumuncinmu da gida bai yanke ba, muna da harshen da za mu yi magana da masanan Samaru da Kano kai tsaye, muna da sarakuna da limamai da ƙungiyoyin mata da ake jin maganarsu. Kafin sanda ɗaya ta iso daga waje, kowace unguwa ta san gidajen da har yanzu ke da bafra, a rubuta sunan da mai ita ke kiran ta, wata nawa take yi, tana da ɗaci ko babu, daga ina aka samo ta. Kowane iri a dasa shi aƙalla a wuri uku da ba hanya ɗaya ta haɗa su ba, bayan makaranta, lambun masallaci, gonar wani a ƙetaren kogi. A kudancin Nil Azrak ruwa kan zauna a watan Yuni, don haka zagayen gidajen aikin Afrilu da Mayu ne, tun masu rogon ba su sare karan sun jefa wa awaki ba.